Cinikin Wanda Ba Zai Dawo Ba

Mu uku ne muka bar garin Funo na ƙasar Feru da sassafe, kowa da jakarsa a goye. Motar ta bi gefen tafkin Titikaka kusan awa uku, ta wuce Yunguyo, ta tsaya a Kasani. Nan aka ce kowa ya sauko ya taka da ƙafarsa. Aka buga mana hatimin fita a ofishin Feru, muka hau ɗan tudu, muka ratsa ta ƙarƙashin wata ƙofar dutse mai baka, aka buga mana na shiga a ofishin Bolibiya. Agogon wayoyinmu ya ƙara awa ɗaya, kuɗin aljihunmu suka tashi daga sol suka koma bolibiyano. Ban da wannan ba mu ga abin da ya sauya ba. Matan da ke talla a wancan gefe da na wannan gefe duk Aimara suke ji, shigarsu iri ɗaya, kamar dai mutumin Illela da na Ƙonni.

Daga iyakar zuwa Kofakabana kilomita 8 ne kacal. Garin na kwance a bakin tafkin da ke mita 3,812 sama da teku. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke yi wa kirarin sanyi wajen 1,200 take. A can sama, duk numfashi ɗaya bai fi kashi biyu cikin uku na abin da huhu ya saba samu a bakin teku ba. Kai ya yi nauyi, zuciya ta riƙa bugawa kamar an yi gudu. Mutanen wurin na kiran wannan ciwo soroce, suna ba baƙo shayin ganyen koka, su ce ya yi tafiya a hankali. Daga tasha zuwa masaukinmu sau uku muka tsaya hutawa.

Da rana ta yi sanyi, sanyin gaske ya sauko. Muka fita neman hular ulu mai rufe kunnuwa. A gefen hanyar da ke gangarawa tafki muka tarar da wata dattijuwa ta fara tattara kayanta. Ta ce kowace hula bolibiyano 35. Muka taya 15. Ta girgiza kai. Muka nuna mata yatsu uku, wato uku za mu saya. Ta sauko 25. Muka juya kamar za mu tafi, dabarar da kowane ɗan kasuwar Kwari ya san ta. Ba mu yi taku biyar ba ta kira mu, ta sallama a 20. Ta karɓi kuɗin ba ta ce komai ba, ta naɗe sauran kayan a zanenta mai ratsi-ratsi, ta goya a baya, ta haye tudun nan da ya sa mu haki ba tare da ta tsaya ba.

Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma tun a jami'a aka horar da mu neman hanya mafi araha tsakanin kowane wuri biyu. Haka muka tsara tafiyar. Akwai jadawali a waya, kowace rana da iyakar kuɗinta, ranar da muka kashe ƙasa da haka layin ya zama kore. A daren muka shigar da rarar bolibiyano 45, wanda a canjin lokacin bai kai dala 7 ba. Layin ya yi kore.

Wajen cin abinci babbanmu ya ture farantinsa ya ce, "Ƙanena, abin da muka yi wa matar nan ƙwara ce."

Ƙaraminmu ya ce, "Haba Yaya! Ita fa ta sallama. Wuƙa muka sa mata a wuya?"

Har yau ba mu gama wannan gardama ba, domin kowanensu yana da gaskiya a hannu.

Mu fara da ta ƙaramin. Mun fito daga ƙasar da tayi ba abin kunya ba ne. Wanda ya biya kuɗin farko da aka faɗa masa, ko dai wawa ne ko mai nuna isa. Duk inda baƙi ke taruwa, akwai farashin ɗan gari akwai na baƙo, kuma ba laifi mutum ya ƙi a yanke shi. Baƙon da ke biyan duk abin da aka ce yana ɗaga farashi har ya fi ƙarfin 'yan gari. Sannan a cikin tausayi akwai raini. Wa ya ce dattijuwar ba ta san lissafinta ba? Wataƙila ta fi mu iya kasuwa nesa ba kusa ba. Mu kuma ba attajirai ba ne. Da naira muka tara kuɗin tafiyar, kuma sai da muka sha wuyar biza kafin ƙafarmu ta taka ƙasashen biyu, alhali wasu da ke cikin motarmu fasfo kawai suka miƙa.

Duk wannan haka ne. Amma da muka zauna muka tambayi kanmu abin da ke sa tayi ya zama adalci a kasuwar Kurmi, sai muka ga amsar kalma ɗaya ce: gobe. Mai kaya ya san zai sake ganinka. Kai ma ka san za ka sake buƙatarsa. In ka taya abin da bai yi masa ba ya ce albarka, ku rabu lafiya. In ka matsa masa yau, gobe ba zai ba ka bashi ba. In ya cuce ka yau, gobe ka wuce rumfarsa. Shi ya sa bayan an gama ja-in-ja yake ƙara maka gyara, don cinikin ya ƙare da daɗin rai.

Mutanen tsaunukan Andis sun san wannan sarai. A kasuwannin Bolibiya mai saye da mai sayarwa da suka saba suna kiran juna kasera. Suna da abin da suke kira yafa, wato ɗan ƙarin da ake ɗora wa mai saye bayan an auna, gyara ke nan ba ragi ba ƙari. Suna da aini, al'adar taimakon juna a noma da gini, yau gonarka gobe tawa, kamar bikin da matanmu ke yi wa juna. Duka ukun a kan dawowa suka tsaya. Dattijuwar nan tana da nata kasera da take sassauta wa, tana sane da cewa za ta fanshe a wani zuwan. Mu sassaucin kasera muka nema, ba tare da niyyar zama kasera ba.

A fagen karatunmu ma an gwada wannan. Wajen 1980 wani masani a Amurka, Robert Axelrod, ya shirya gasa tsakanin manhajojin kwamfuta. Kowace za ta yi mu'amala da sauran sau da yawa, a kowane zagaye ta zaɓi haɗin kai ko cin amana. Wadda ta yi nasara ita ce mafi sauƙi, wadda Anatol Rapoport ya aika: fara da kirki, daga nan yi wa abokin hulɗa abin da ya yi maka a zagayen baya. Sai dai lissafin yana da sharaɗi. Kirki na cin riba ne idan za a sake haɗuwa. In zagaye ɗaya ne tal, lissafi cewa yake yi ka ci amana ka wuce.

To mai jaka a baya ɗan zagaye ɗaya ne. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Jibi muna wani gari, wata mai zuwa muna wata nahiya. Dattijuwar ba ta san sunanmu ba, ba ta san unguwarmu ba, babu wanda za ta kai wa ƙararmu. Duk igiyoyin da ke riƙe da mu a gida, kunyar maƙwabci da bakin mutane da buƙatar gobe, mun kwance su mun bari a Kasani. Abin da ya rage a gefen hanyar nan shi ne halinmu tsirara, kuma mun ga abin da ya yi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne da muka sake duba jadawalin. Kamfanin jirgin sama ya faɗi kuɗinsa, mun biya ba tayi. Ofishin biza ya faɗi nasa, mun biya har da godiya. Kifin da muke ci a daren, farashinsa a rubuce yake a takarda, kuma abin da muka kashe a teburin ya fi rarar da muka yi a kan hulunan. Ashe tattalin namu bai taɓa hawa kan mai ƙarfi ba. Yana sauka ne kawai a kan wanda ba shi da farashi a rubuce: mai talla, mai dako, mai kwalekwale. Kuma ba mu yi nasara don mun fi ta sanin darajar ulu ba. Mun yi nasara don dare ya yi, sanyi ya sauko, ita tana son komawa gida da wani abu a hannu, mu kuwa za mu iya hakura mu saya gobe a wani wuri.

Akwai kuma batun talaucin da muke iƙirari. Gaskiya ne muna kwana a ɗaki mai gadaje shida, muna hawa motar haya, muna goyon kayanmu. Amma mu muka zaɓi wannan wuyar, mu muka sa mata ranar ƙarewa, tikitin komawa na cikin waya. Iyakar kuɗin da muke karewa kamar rai, da yatsanmu muka rubuta ta, da yatsa za mu iya goge ta. Goyonmu da goyon dattijuwar sun yi kama daga nesa. Namu hutu ne muka ɗauka daga aiki, nata shi ne aikin.

Hatta kifin da ke farantinmu yana da labari irin namu. Truca suke kiransa, kuma ba ɗan asalin tafkin ba ne. Wajen 1940 aka kawo irinsa daga Arewacin Amurka aka zuba, da niyyar alheri, don a samu abinci da sana'a. An samu ɗin. Amma ƙananan kifayen asali sun ja baya, har ana ganin wani jinsinsu ya ƙare ƙaf. Babu mugun nufi a wajen baƙon kifin. Ci kawai yake yi daidai ƙarfinsa, a ruwan da babu mai taka masa birki.

An rene mu da cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Karin maganar na da daɗi, amma alkawarin sakamako take yi. Tafiya kuwa tana kai mutum inda ba zai tsaya ya ga danƙon ya kama komai ba. A nan ne ake gane ko kirkinmu hali ne ko kuwa lissafi ne da ya daɗe yana cin riba har muka ɗauke shi hali. In mutum yana da adalci a unguwarsu kawai, to unguwar ce mai adalci, shi ɗan haya ne.

Ba mu daina tayi ba, kuma ba mu ce kowa ya daina ba. Ƙaraminmu bai janye maganarsa ba cewa biyan duk abin da aka faɗa wani nau'in raini ne, mun kuma yarda da shi. Abin da muka sauya kaɗan ne. Mukan tambayi mai masauki nawa ɗan gari ke biya, mu tsaya kusa da nan, ba ma neman ƙasa da shi. Mun bar dabarar juya baya ga wanda muka ga dare ya matse shi. Mukan kalli fuskar mai kaya: muddin ana raha, ciniki ake yi, in fuska ta daina motsi an shiga wani abu dabam. Kuma kafin mu taya, mukan tambayi kanmu ko za mu iya dawowa gobe mu gaishe da wannan mutum ido da ido.

Washegari, bayan mun dawo daga Tsibirin Rana, inda Inkawa suka ce asalinsu ya faro, mun koma gefen hanyar da kuɗin a hannu. Wata matashiya muka tarar tana sayar da gasasshiyar masara. Da ɗan guntun Sifaniyancinmu muka kwatanta mata dattijuwar, ta ɗaga kafaɗa. Masu sayar da hula a garin suna da yawa.

Kwana biyu bayan haka muka nufi Lafaz. A mashigin Tikina aka sauke mu, aka ɗora motar a kan wani faffaɗan jirgin katako, mu kuma muka shiga ƙaramin kwalekwale mai inji. Iskar tafkin na yanka kunne, duka mu ukun muka jawo hulunan muka rufe. Saƙar tana da kyau ƙwarai, ba inda iska ke shiga. Ƙaraminmu ya buɗe jadawalin a wayarsa, ya daɗe yana kallon layin ranar farko. Bai goge 45 ɗin ba, amma ya cire masa launin kore.