Baƙin Kare da Baƙar Damisa a Ma'aunin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci dabbobi Ya bambanta launukansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa. In baƙin kare ya ratsa unguwa, sai yara su bi shi da jifa har su karya masa ƙafa, manya na zaune a dakali ba mai tsawata musu, wai don an ce shaiɗan ne. Baƙar kyanwa kuwa in ta shiga gida da dare, sai a ce aljani ne ya rikiɗa. A ɗaya ɓangaren kuma ga masu yawo kasuwa kasuwa suna cigiyar baƙin bunsuru ko baƙar kaza wadda ba ta da sofane, domin boka ya ce da su sai da ita buƙata za ta biya. Mai jifa da mai cigiya duk abu guda suka ƙudurta, watau launin dabba yana da ikon cuta ko amfani.

Alƙur'ani mai girma ya yi maganar launi. A aya ta 27 da ta 28 na Suratu Faɗir, Allah Ya ja hankalin bayinSa ga 'ya'yan itatuwa masu launi iri iri, da duwatsu masu zane fari da ja da baƙi ƙirin, sa'an nan Ya ce haka abin yake ga mutane da dabbobi da bisashe. A nan ne kuma Ya bayyana cewa masu ilmi su ne ke tsoronSa daga cikin bayinSa. Baƙi ya zo a jerin ayoyin Allah daidai da fari da ja, ba a ware shi da zargi ba. Tufar Ka'aba baƙa ce, kuma Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga Makka ranar da aka ci ta da baƙin rawani a kansa. Ko a makarantar allo, da babbaƙu yaro ke farawa kafin ya kai ga farfaru.

Wanda ya bi sunayen da al'ummu suka laƙa wa dabbobi saboda baƙi zai ga yawancinsu ba su ma dace da dabbar ba. Macijin nan na Afirka da Turawa ke kira baƙar mamba, jikinsa ruwan toka ne ko ruwan ƙasa. Cikin bakinsa ne kaɗai baƙi. Karkandar da suke kira baƙa ita ma ruwan toka ce, kamar 'yar'uwarta da suke kira fara. Wani irinta ya rayu a arewacin Kamaru har masu farautar ƙaho suka gama da shi, aka bayyana ƙarewarsa daga doron ƙasa a shekarar 2011. Akwai wata kyanwar daji ja mai dogayen kunnuwa wadda Turkawa suka sa wa suna karakulak, watau baƙin kunne, daga nan Turawa suka ari sunan. Su dai Turkawan, makiyayansu na yankin Siwas suna da wani ƙaton kare mai tsare tumaki daga kyarkeci, suna ce masa karabash, ma'ana baƙin kai, alhali jikinsa ruwan ƙasa ne mai haske, fuskar ce baƙa. Wanda ya amsa sunansa sosai shi ne baƙin karen Rasha, wanda sojojin Tarayyar Sobiyat suka samar bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta hanyar haɗa irin karnuka dabam dabam don aikin gadi. Larabawa ma haka suke: a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito an kira maciji da kunama baƙaƙe biyu, aka yi izinin kashe su ko mutum yana cikin salla, kuma ba wanda ya ce jar kunama ta fita daga hukuncin. Cutarwarsu aka duba.

Baƙar damisa kuwa ba wata halitta ce dabam ba. Damisa ce kamar kowace, in haske ya dake ta da kyau ana ganin roɗi-roɗinta a ƙarƙashin baƙin. Ta fi yawa a dazuzzukan Malesiya, a Afirka kuwa ba safai ake ganinta ba, shi ya sa hotunan wadda aka ɗauka a Laikipiya ta ƙasar Kenya suka zagaye duniya a shekarar 2019. Masana halittu sun gano cewa baƙin nan gado ne da ke iya ɓuya. Damisa biyu masu roɗi-roɗi suna iya haifar baƙin ɗa in kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon a ɓoye. Wani bincike da aka buga a shekarar 2009 ya nuna cewa baƙaƙen kyarketai na Amurka ta Arewa sun gaji launinsu daga karnukan gida da kakanninsu suka yi barbara da su a da can.

Musulmi bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, labarin wani Balarabe da ya zo wurin Annabi yana ƙorafi cewa matarsa ta haifi baƙin yaro, yana son ya kore shi daga nasabarsa. Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce yana da su, jajaye ne. Ya tambaye shi ko a cikinsu akwai mai ruwan toka, ya ce akwai. Da aka tambaye shi inda wannan ya samo launinsa, sai ya ce watakila wata jijiya ce daga kakanni ta fizgo shi. Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, bai ba shi izinin kore shi ba. Da hujjar launin raƙumi aka tsare mutuncin mace da nasabar yaro. Har yau akan sami gidan da zargi ke shiga saboda hasken jariri ko duhunsa, kuma maganin wannan zargi yana cikin hadisin nan.

Saura babbar tambaya, ita ce hadisin baƙin kare. Hadisi ne ingantacce, ba a musunsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri cewa mace da jaki da baƙin kare suna yanke sallar wanda bai sa sutura a gabansa ba, kuma da Abu Zarri ya tambayi dalilin keɓe baƙi daga ja da rawaya, Annabi ya siffanta shi da shaiɗan. Muslim ya kuma ruwaito daga Jabir cewa an yi umurni da kashe karnuka a Madina, daga baya aka hana, aka bar umurnin a kan baƙi ƙirin mai ɗigo biyu a saman idanu. Abin da ya rage shi ne yadda malamai suka fahimci waɗannan ruwayoyi, domin ba kowane mai jin hadisi ne mai fitar da hukunci ba.

Game da salla, Imam Malik da Shafi'i da Abu Hanifa sun tafi a kan cewa babu abin da ke ɓata salla don ya wuce ta gaban mai salla. Suka fassara yankewar da raguwar lada saboda shagaltar zuciya. Daga cikin hujjojinsu akwai maganar Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, wadda ta ƙi yarda a daidaita mata da karnuka da jakuna, ta ce Annabi yakan yi salla da dare tana kwance tsakaninsa da alƙibla. Imam Ahmad ɗan Hambali ne ya riƙe zahirin hadisin game da baƙin kare, har ya hana cin abin da ya farauto. Sauran limaman sun halatta shi in karen horarre ne kuma an ambaci sunan Allah. Saboda haka mai bin mazhabar Malik, in baƙin kare ya gifta ta gabansa a gona ko a bakin hanya, sai ya ci gaba da sallarsa, ba ramuwa a kansa. A mazhabar ma kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau 7 bin umurni ne kawai.

Kalmar shaiɗan ita ma tana buƙatar lura. Ɗabari ya bayyana a farkon tafsirinsa cewa Larabawa suna kiran duk mai tsaurin kai shaiɗan, mutum ne ko aljani ko dabba, ya kawo labarin Sayyidina Umar da aka ɗora a kan wani doki mai taƙama, ya sauka yana cewa a kan shaiɗan aka ɗora shi. A kan wannan ne waɗansu malamai suka ce an siffanta baƙin kare haka don ya fi firgita mai salla, musamman da dare. Waɗansu kuwa, kamar Ibn Taimiyya, sun ce aljanu sukan ɗauki surarsa. Ko da an bi ra'ayi na biyu, ba wanda ya ce kowane baƙin kare aljani ne, kuma abin da shari'a ta koyar wajen tsari daga shaiɗan shi ne ambaton Allah.

Game da kisa an yi saɓani. Hambalawa sun halatta kashe baƙi ƙirin. Imamul Haramaini, wanda ya rasu a shekarar 478 bayan Hijira, ya ce shi ma wannan umurni an shafe shi, shari'a ta tabbata a kan hana kashe kare mara cutarwa kowane launi ne, Nawawi kuma ya kawo maganarsa a sharhin Muslim. Ibn Abdil Barri, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 463, ya zaɓi cewa kada a kashe kare sai in yana cutar da mutane. Wannan ra'ayi shi ya fi dacewa da aya ta 38 ta Suratul An'am, wadda ta nuna dabbobi al'ummu ne kamar mutane, da kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa. Ba a faɗi launin wannan kare ba.

Amma ko malamin da ya halatta kisa bai halatta azabtarwa ba. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa da yanka. Abdullahi ɗan Umar ya wuce waɗansu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa don wasa, ya gaya musu Annabi ya la'anci mai mai da abu mai rai abin gwada harbi. Jifan da yara ke yi wa kare a lungu bai bambanta da wannan ba, kuma nauyinsa yana kan uban da ya gani ya yi shiru. Makiyayi ko manomi da ya riƙe kare don tsaron dabbobi ko shuka yana cikin izinin shari'a, karen baƙi ne ko fari, kuma ci da shansa hakki ne a wuyansa.

Laifin mai cigiyar baƙin bunsuru ya fi na mai jifa nauyi nesa. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin cewa a zamanin Barbushe mutane sukan taru a gindin Dala da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru don yanka wa Tsumburbura. Waɗannan dabbobi uku su ne bokaye da 'yan bori ke nema har yanzu, sai dai a yau akan lulluɓe abin da sunan sadaka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi mai tsanani a kan masu da'awar Musulunci suna yanka ga itatuwa da duwatsu. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Allah Ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. Alamar gane irin wannan yanka ba ta da wuya: sadaka ta gaskiya ba ta da sharaɗin launi, ba a binne jininta a mararraba, ba a hana mai ita ambaton sunan Allah. Duk malamin da ya ce lalle sai baƙa wadda ba sofane, a yanka da tsakar dare, to, ya bar malanta ya shiga bokanci, ko da allo da tawada a gabansa.

Akwai karen da ya kamata jama'a su ji tsoro da gaske, shi ne mahaukacin kare. Annabi ya lissafa kare mai cizo cikin dabbobi 5 da ake kashewa ko a cikin Harami, bai ambaci launi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, da yawa daga cikinsu yara ne, kuma kusan duka daga cizon kare suke kamuwa. Jan kare da farin kare suna ɗauke da shi kamar baƙi, yaron da ke bin kare da dutse kuwa shi ya fi kusa da haƙoransa. Wanda kare ya ciza, a wanke masa wurin nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a yi masa allura a ranar, domin in alamun ciwon suka bayyana da wuya a tsira. Mai kare kuma ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafi, domin in ya yi sakaci karensa ya ciji ɗan maƙwabci bayan an gargaɗe shi, malaman Malikiyya sun ɗora masa lamuni.