Ko Ya Halatta Alƙali Ya Ji Tausayi?



A cikin watan Mayu na shekara ta 2022 na sauka a gidan wani ɗan'uwa, malamin makaranta. Da muka ci tuwon dare sai ya kunna talabijin, ya ce mini, "Fasto, yau Turawa su ke gasar waƙa, zauna ka gani." Na zauna domin kada in ƙi maganar mai masaukina. Amma abin da na gani a daren nan ya bar ni da tambaya wadda har yanzu ina juya ta a zuciya.

Bari in fara gaya muku yadda gasar ta ke. Sunanta Eurovision. An soma ta a shekara ta 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan, da ƙasashe 7 kaɗai, shekara 11 bayan ƙarewar Babban Yaƙi na biyu. Wadda na kalla, a birnin Turin na Italiya aka yi ta, ƙasashe 40 suka shiga, 25 suka kai daren ƙarshe. Kowace ƙasa waƙa ɗaya ta kawo, ba ta wuce minti 3 ba. Sa'an nan kowace ƙasa ta ba sauran maki, mafi girma 12 ne, amma ba ta da iko ta ba kanta. Makin kuwa kashi biyu ne. Akwai na alƙalai, masana waƙa, waɗanda a shekara ta 2022 mutum biyar biyar ne daga kowace ƙasa. Akwai kuma na jama'a masu kallo, waɗanda su ke zaɓe ta waya.

Sa'anda aka gama karanta makin alƙalai, mawaƙin Birtaniya, Sam Ryder, shi ne a gaba da maki 283. Yukiren tana ta huɗu da 192. Amma ku tuna, a watan Fabrairu na shekarar nan Rasha ta kai wa Yukiren yaƙi, mutane suna gudu daga gidajensu. Da aka buɗe makin jama'a sai ga Yukiren da 439, alhali iyakar abin da ƙasa za ta iya samu 468 ne. Ta gama da 631, Birtaniya ta bi ta da 466. Na tafa hannu, hawaye kuma ya cika idona. Amma da na kwanta sai na ce wa kaina, me na tafa wa, waƙa ko wahala?

Ban ce waƙar Yukiren ba ta da daɗi ba. Mai ita ya yi ta ne domin mahaifiyarsa tun kafin yaƙi, alƙalai ma sun sa ta cikin na gaba. Ban kuwa ce alƙalai tsarkaka ne ba, gama a shekarar nan masu shirya gasar suka soke makin alƙalan ƙasashe 6, suka ce sun ga alamar musayar maki a tsakaninsu. An kuma daɗe da sanin Girka da tsibirin Kubrus, ƙasar Barnaba, su kan ba juna 12 sau da yawa. Wannan kowa ya san sunansa, son kai ne. Amma tausayi fa? Shi ne ya fi wuyar ganewa, domin kama da nagarta ya ke.

Ku buɗe Littafin Firistoci sura 19 aya 15. A nan Allah ya hana mai shari'a abu biyu. Ya hana shi karkata wajen babban mutum saboda girmansa. Wannan ba ya ba mu mamaki, Yakubu ma ya tsauta wa ekklesiya a kansa cikin sura ta 2 ta wasiƙarsa. Amma ayar nan ta kuma hana shi karkata wajen matalauci saboda talaucinsa. Yaya Allah mai jinƙai, uban marayu, zai faɗi haka? Dalili ke nan: abin da ke hannun alƙali ba nasa ba ne, amana ce. In ya ƙara wa wannan, daga rabon wancan ya ɗiba. Kyauta da kayan wani kuwa ba kyauta ba ce.

Ni kaina na taɓa faɗuwa a nan. Wata shekara aka sa ni cikin masu duba gasar mawaƙan ekklesiyoyin gundumarmu. Wata ƙaramar ƙungiya ta zo daga ƙauye mai nisa, iska ta kwashe rufin majami'arsu a daminar nan, ko rigunan mawaƙa ba su da su. Zuciyata ta narke, na ƙara musu maki, suka zo na ɗaya. Da aka tashi sai na ga 'yan matan ƙungiyar da ta zo ta biyu suna kuka a bayan ɗaki. Wata uku suka yi suna koyo kowace yamma, ni kuwa na san sun fi iyawa. Na yi tsammani alheri na yi, ashe da guminsu na yi shi. Kwanon rufi ko ɗaya ban saya wa mutanen ƙauyen nan ba.

To, sai mu bar tausayi ke nan? Ko kaɗan! Ku ji ƙarshen labarin gasar. Al'adarsu ita ce, ƙasar da ta ci ita za ta karɓi baƙi a shekara mai zuwa. Yukiren ba ta iya ba saboda yaƙi. Sai Birtaniya, wadda ta zo ta biyu, ta ɗauki nauyin. A shekara ta 2023 aka yi gasar a birnin Liverpool a madadin Yukiren, aka ƙawata garin da launin tutarta. Wannan shi ne jinƙan da ba ya cutar kowa, gama daga aljihun mai yinsa ya fito. Haka Basamariyen nan ya yi, da dinarinsa ya biya mai masauki. Haka kuma Ubangijinmu ya yi. Bai sauya ma'auni domin ya kuɓutar da mu ba, da jininsa ya biya bashin.

Masu kallon nan na Turai ba su rantse za su yi shari'a ba, ba na kuwa kā da su. Amma mu, sau nawa a kan ɗora mu a kujerar alƙali? Malami yana duba jarrabawa. Dattawa suna sauraron ƙarar miji da mata. Ekklesiya tana zaɓen ma'aji. Uba yana raba gardamar 'ya'yansa. A wurin nan, ɗan'uwa, ka faɗi abin da ka gani, ko a kan wanda ka ke ƙauna ne. Sa'anda ka sauka daga kujerar, sai ka bi wanda ya faɗi har gida, ka buɗe rumbunka, ka taimake shi da abin da ke naka.

Allah ya ba mu ma'aunin gaskiya da hannu mai bayarwa. Amin.