Tambayoyin C. S. Lewis Bayan Rasuwar Matarsa

A shekarar 1940, C. S. Lewis, malamin adabi a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya wallafa littafi kan dalilin da ya sa Allah mai ƙauna yake barin wahala ta sami bayinsa. Hujjojinsa sun zauna daram. Bayan shekara 20, ciwon daji ya ɗauke matarsa, Joy Davidman, sai hujjojin suka kasa sanyaya masa zuciya.

Bai daina yarda akwai Allah ba. Abin da ya firgita shi ya fi haka nauyi: kada dai wanda yake bauta wa ba mai jinƙai ba ne? Ya rubuta wannan fargaba ba ɓoye-ɓoye, aka buga ta a 1961 da sunan aro, N. W. Clerk.

Wasu masu bi suna ɗaukar irin wannan tambaya saɓo ce, amma Littafi Mai Tsarki bai goya musu baya ba. Ayuba ya kai ƙararsa gaban Allah babi bayan babi, abokansa uku suna ta kwaɓarsa. Daga ƙarshe su Allah ya tsawata wa, ya kuma sa Ayuba ya yi musu addu'a.

Lewis ya rasu a 1963 yana Kirista. Bayan haka ne aka sake buga littafin nan na 1961 da sunansa na gaskiya.