Kafin ka zuba kuɗin shinkafarka a madubin hangen nesa

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka ware wani abu daga kuɗin shinkafar rani za ka sayi madubin kallon taurari. Na ji daɗi ƙwarai. Yaro ya gama wahalar gona a Kadawa, sauro ya ci, rana ta gasa, sannan ya ce burinsa ya kalli halittar Allah a sama, wannan abin a sa masa albarka ne. Amma hoton da ka turo mini bai kwanta mini ba, kuma da ka tambaye ni kafin ka yi ciniki da ya fi.

Abin da ya ruɗe ka shi ne lambar da ke jikin kwalin, wai yana ƙara girman abu sau 675. Duba ƙasa kaɗan, faɗin gilashin milimita 60 ne kacal. Masana wannan harka suna da ƙa'ida: iyakar ƙarin girman da zai yi amfani bai wuce ninki biyu na faɗin gilashin a milimita ba. Naka ke nan sau 120, abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai. Kai da ka tashi a bakin kanal ka san ruwan da ke sauka daga Tiga, faɗin ƙofar da aka buɗe shi ke yanke yawan abin da zai isa gonarka. To haske ma haka yake shiga madubi. Faɗin bakin ake saya. Galileo, da ya ga watanni huɗu na Mushtari a shekarar 1610, madubinsa kusan sau 20 yake ƙarawa.

Sai ƙafafun. Irin siraran nan uku, iska kaɗan ta kaɗa su. Duniya tana juyawa, saboda haka tauraron da ka kama yakan sulale daga ganinka cikin ɗan lokaci, ka kai hannu ka gyara, komai ya hau rawa. Dare biyu za ka yi ka gaji, ka jefa shi bayan sif. Araha ba ta ado.

Ga abin da nake so ka yi, kuma na san ba zai yi maka daɗin ji ba: bana kada ka sayi babban. Nemi mai ido biyu, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa. Da shi za ka ga ramukan wata, ka ga 'ya'yan Kaza sun ninka waɗanda ido ke ƙirgawa, in ka jingina gwiwar hannu a katanga har watannin Mushtari za ka hango kamar ɗige-ɗige. Sannan ka san saman tukuna. In na ce nuna mini Zara, za ka iya? Kakanninmu ba su da gilashi, amma da lissafin taurari suke sanin shigowar damina da fitarta, kuma har yau akwai malaman zaure a Kura da Bunkure da suka riƙe wannan lissafi. Je ka durƙusa gabansu. Ka haɗa da manhajar Stellarium a wayarka, tana nuna maka sunan abin da ke bisa kanka.

In ka shekara kana fita ba ka gaji ba, sai ka nemi mai faɗin milimita 130 ko 150, irin wanda ke zaune a kan akwatin katako, ƙirar da John Dobson ya yaɗa a Amurka. Ba ya rawa, ba ya bukatar lantarki, zai kuma nuna maka zoben Zuhal.

Ka lura da ƙasarmu. Da damina hadari ke rufe sama, da hunturu hazo. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙura ta sauko. Ka yi nesa da fitilun motocin titin Zariya, ka juya wa hasken Kano baya. Raɓa tana sauka da yawa kusa da gonakin shinkafa, ka riƙa rufe gilashin, kuma kada ka goge ƙura da bakin riga, karce shi za ka yi. Ka sa takalmi mai rufi, ka riƙe tocila saboda maciji, ka kuma sanar da mai unguwa don kada a gan ka da dogon bututu cikin dare a yi maka wata fassara.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa: kada ka taɓa saita shi ga rana, ko na ƙiftawar ido, makanta ce ba magani. Da rana ka kulle shi inda ƙannenka ba za su kai ba.

Ka fasa cinikin nan gobe. Ranar Juma'a bayan la'asar ka zo mu duba masu ido biyun tare. Allah Ya yi maka albarka.