Ɗakin Haya Ma Gida Ne

Jama'a, akwai amsar da muka saba bayarwa in iyali suka ce a ɗan gyara ɗaki: "Haba, ai ba nan za mu tabbata ba." Da wannan amsar wasunmu suka share shekara goma sha biyar a ɗakin haya, bango duk jirwaye, labule tun na ranar tarewa, alhali duk wata ana aika kuɗi Bauchi ana ɗora bulo a fili wajen Tirwun ko Yelwa. Ginin ba laifi ba ne. Amma yaran da aka haifa mana a nan fa, yaushe za su san daɗin gida? Kafin a yi rufi, babbansu ya isa aure.

Mu tuna ɗakunan iyayenmu mata a Jahun da Kobi. Me ke ciki? Daɓe ne da aka buga ya yi santsi, bango an shafe shi da farar ƙasa, ga jeren kwanuka ana goge su ko ba baƙo. Randa tana gefe da moɗarta. In hunturu ya shigo, kaskon wuta a tsakiya, a ɗan barbaɗa turare, yara a kewaye ana tatsuniya. Duka kayan ba su kai kuɗin wayar da ke aljihunmu yau ba, amma har gobe in muka ji ƙamshin turaren wuta sai zuciya ta koma can. Su ba su jira wadata ba kafin su girmama inda suke kwana.

Wani zai ce ado almubazzaranci ne. To, akwai wanda yake hakan. Mun ga uban da ya ci bashi ya cika ɗakin 'yarsa da kujerun da ba wurin wucewa, don kada dangin miji su yi magana. Wannan don idon mutane aka yi shi, masu ɗakin kuwa sai kwana da tunanin mai bin bashi. Sir Abubakar Tafawa Balewa ya riƙe ƙasar nan a matsayin Firayim Minista har zuwa Janairun 1966, kuma abin da Bauchi ke alfahari da shi game da shi har yau shi ne bai tara ba. Sai dai rashin tarawa daban, ƙazanta da halin ko-in-kula daban. Mu kan haɗa su don mu kare rowarmu.

Gwangwanin fenti ɗaya, sabuwar tabarma, ƙusa a rataye allon yara maimakon a jingine shi bayan ƙofa. Sannan maigida ya dawo daga kasuwa da wuri ko sau biyu a mako, a ci tuwon dare tare, wanda wannan ko kwabo ba ya ci.

E, mun sani, mai gidan haya yana iya ganin fenti ya ƙara kuɗi. Ai ko ba a shafa ba ma ƙarawa zai yi.