Ruwan rufinka naka ne kai kaɗai?

Ya kai mai karatu, zo mu auna wata magana tare.

Cikin teku, kamar kilomita 570 yamma da Senegal, akwai ƙasar Kap-Ber mai tsibirai 10. Fari na damunta kamar yadda yake damunmu, shi ya sa muke tare cikin ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a Sahel. Yunwar 1947 ta kashe dubban mutane can.

Ɗaya daga tsibiran sunansa Fogo. Babu kogi mai gudu duk shekara, ruwan teku kuwa ba ya shayuwa. Damina gajeruwa ce, daga Agusta zuwa Oktoba. Don haka mutanen karkara suka saba gina rumbun ruwa: rami ne mai daɓen siminti da marufi, indararo na zuba masa ruwan rufin ɗaki. Rufi mai mita 10 tsawo, 5 faɗi, in aka yi ruwa milimita 300, zai tara lita 15.000.

To, a ce kai ne can. Ka sayi siminti, ka yi gumi, rumbunka ya cika. Maƙwabcinka bai gina ba. Rani ya tsananta, sai ga matarsa da tulu. Za ka ba ta?

In ka hana, kana da hujja: kowane tulu da ya fita, kwana guda ne ka rage wa ƴaƴanka. Kuma in rago ya san zai sha, wa zai sake gini?

Amma ka tuna, ramin ka gina, ba girgijen ba. Wataƙila ma ba lalaci ya hana maƙwabcin ba, kuɗin siminti ne babu. Ko da lalacin ne, ƴaƴansa ba su yi laifi ba, ƙishirwa kuwa ba ta jiran shari'a.

A ganina, ruwan wanki da na ban-ruwa kana iya hanawa, na sha ba a hana shi. Sai dai kada ka tsaya ga tulu. Ka ba ta yau, gobe ka kira mijinta gayya, ku haƙa nasa ramin kafin damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai fa, me ka gani? Ku tattauna a ajinku.