Yaron da Ke Son Karatu Uku

Kowace shekara idan lokacin cika takardar JAMB ya zo, akan yi gardama a gidajenmu. Akwai yaron da zai ce yana son tarihi, yana son ilimin mulki, yana kuma son ilimin muhalli, ya rasa wanda zai bari. Iyaye sukan ce masa ya daina ruwan ido, ya nemi aikin likita ko na lauya, abin da zai ci abinci da shi. Shin yaron nan ruɗewa ya yi, ko kuwa ya hango wani abu ne da mu manya muka daina gani?

Bari mu fara ba iyaye gaskiyarsu. Uban da ya sayar da buhunan gero da riɗi, da uwar da ta rabu da akuyarta domin kuɗin makaranta, suna da ikon tambayar inda karatun zai kai. Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa neman abinci abin kunya ne ba. Gaskiya ne kuma cewa mai taɓa nan ya taɓa can yakan fito bai ƙware a komai ba.

Amma mu dubi ƙasar da muke zaune a kanta. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai shanun da mutanen dā suka zana a jikin dutse. Shanun nan ba su da tozo, ba irin waɗanda muke gani a garken Fulani a yau ba ne. Malamin tarihi zai ce zanen nasa ne, amma zanen yana kuma ba da labarin yadda dabba da ciyawa da zaman mutane suke sākewa a wuri guda.

Mu ɗauki abin da ya fi kusa da mu, wato rikicin burtali. Manomi ya ce gonarsa ce, makiyayi ya ce hanyar shanunsa ce tun kaka da kakanni. Wanda zai shiga tsakaninsu da adalci dole ya san inda burtalin ya bi a zamanin kakanni, da wanda ya shata shi, da lokacin da aka fara cin gefensa. Dole ya san dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, da dokar filaye ta 1978 wadda ta danƙa amanar ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma da na kiwo a karkara. Dole kuma ya san dalilin da ya sa fadamar da ke shayar da shanu har bazara ta fara ƙafewa tun kaka. In ya san ɗaya kawai daga cikin ukun, zai yanke hukunci da zuciya ɗaya, amma zai zalunci wani, kuma irin wannan zalunci a ƙauye yakan ƙare da jini. Haka nan gadar da ruwa ya karya kusa da Basirka a ƙasar Gwaram cikin watan Agusta na 2021, mota ta faɗa, matafiya da yawa suka rasa rayukansu. Ruwan sama ya karya ta, amma tambayar wanda ke da alhakin duba gada da tare hanya in ta lalace tambaya ce ta mulki.

Jami'a ta raba ilimi sashe-sashe domin sauƙin koyarwa, ba mu ga laifinta ba. Sai dai Mahalicci bai yi wa ƙasa wannan rabo ba. Littafin Farawa ya nuna mana Yusufu a Masar: ya fahimci shekarun ƙoshi da na yunwa da ke tafe, ya kuma san yadda za a tsara hukumar da za ta tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. Da ya tsaya a fassarar mafarki, da Masar ta san yunwa na zuwa, ta kuma mutu da saninta. Marigayi Paparoma Francis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya koyar da cewa lalacewar muhalli da wahalar matalauta matsala ɗaya ce, ba a warware wannan a bar waccan. Don haka muna ganin yaron nan ba ruwan ido yake yi ba. Iyayen da suka tura shi karatun da ba ya so domin albashi kaɗai suna iya binne baiwar da Allah ya ba shi saboda jama'a.

Shi ma yaron akwai abin da ya rataya a wuyansa. Takardar JAMB fanni ɗaya take karɓa, ko Jami'ar Bayero ta Kano ya nufa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Sai ya zaɓi ɗaya ya zama gindi, ya riƙe shi har ya ƙware, ya ɗebo sauran biyun daga darussan zaɓi da ɗakin karatu. Mu dai mun fi karkata ga ilimin muhalli ya zama gindin, domin awon ƙasa da gwajin ruwa suna bukatar malami da kayan aiki, alhali tarihi da doka mai ƙwazo yana iya binsu a littafi. Wani zai ga akasin haka, ba za mu yi jayayya da shi ba.

Idan shekarar ƙarshe ta zo aka ce ya zaɓi abin bincike, kada ya kwafo na wani gari. Ya dawo gida lokacin hutu da littafin rubutu, ya zauna da tsofaffin ƙauyensu, Kirista da Musulmi, manoma da makiyaya, ya tambaye su inda burtali ya bi kafin farin 1973. Waɗanda suka ga wannan da idonsu sun haura shekara sittin yanzu, kuma kowace damina suna raguwa.